Garka da Cefane: Shuke-shuken Gida da Cimar Hausawan Birni a Lokacin Annobar Korona

1.0 GABATARWA

A watan Disamba na shekarar 2019 aka fara jin labarin wata baƙuwar cuta mai sarƙe numfashi a birnin Wuhan na ƙasar Sin. Ba a daɗe ba sai ga ta ta game duniya, har ranar 11 ga Maris, 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa annoba ce. An sami mutum na farko mai ɗauke da ita a Nijeriya ranar 27 ga Fabrairu, a Legas. A Jamhuriyar Nijar ranar 19 ga Maris. A Kano kuwa ranar 11 ga Afrilu. Likitoci da masana tattalin arziki sun yi rubuce-rubuce masu yawa a kan wannan annoba. Amma akwai wani gefe nata da ya fi shafar masu nazarin harshe da al'ada, watau abin da ya gudana a madafi da tsakar gida sa'ad da aka rufe kasuwanni.

Manufar wannan maƙala ita ce a duba yadda cimar Hausawan birni ta sauya a waɗancan watanni, da yadda jama'a suka waiwayi tsohuwar al'adar shuka kayan miya a cikin gida. An ɗauki birnin Kano a matsayin misali, domin kullen da aka yi a can ya yi tsawo, ya kuma zo daidai da watan azumi. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, shukar gida tana iya ceto miya, amma ba ta da ikon ceto tuwo, kuma harshen Hausa tun fil azal ya bambance tsakanin filin da ke ba da wannan da filin da ke ba da wancan.

2.0 FILAYEN SHUKA A HARSHEN HAUSA

Kafin a shiga bayani, ya kamata a tantance kalmomin da Bahaushe ke kiran filayen shuka da su, gama kowace tana ɗauke da tsarin zaman jama'a a cikinta.

Gona ita ce kalma mai faɗi, kuma in an ambace ta, hatsi ke fara zuwa a zuciya: gero, dawa, maiwa, tare da wake da gyaɗa. Gandu shi ne babbar gonar gida wadda maigida ke shugabanta, 'ya'ya da ƙanne su yi aiki a ciki, abin da aka samu ya shiga rumbu domin ciyar da kowa. Gayauna, wadda a wasu wurare ake ce wa gamana, ƙaramar gona ce da ake yanka wa ɗa ko ƙane ko mace, amfaninta kuma na mai ita ne. Polly Hill ta yi bayanin wannan tsari dalla-dalla a nazarinta na Ɓatagarawa ta ƙasar Katsina, wanda aka buga a 1972.

Fadama ƙasa ce mai laima wadda ruwanta ke kusa. Lambu kuwa shi ne filin da ake nomawa da rani ta hanyar ban ruwa, a da da jigo da guga, yanzu da inji, a raba shi fangali-fangali, a dasa albasa da tumatir da tattasai domin kai wa kasuwa. A Nijar da wasu sassan yammacin ƙasar Hausa, garka ake kiran abin da Bakano ke kira lambu. Ana kuma amfani da kalmar ga ɗan filin da aka kewaye da danga ko shinge a kusa da gida, aka shuka kuɓewa da yakuwa da barkono a ciki. Da wannan ma'ana ta biyu za a yi amfani da ita a nan.

Ƙasa da garka akwai wata irin shuka wadda ba ta da suna na musamman, sai dai a ce shukar bayan ɗaki: kabewar da ta hau rufin bukka, da duman da ya naɗe danga, da bishiyar zogale a gefen makewayi, da tushen ɗaɗɗoya a gindin randa inda ruwa ke ɗiga, da lalle a bakin rariya. Wannan yawanci hurumin mata ne.

Idan aka lura da kyau za a ga waɗannan filaye sun rabu gida biyu. Gandu da gayauna su ke ba da tuwo. Garka da bayan ɗaki su ke ba da mahaɗi, watau miya. Tuwon da babu miya shi ake kira gaya, cin gaya kuwa alamar matsi ce a wurin Bahaushe.

3.0 YADDA KASUWA TA MAYE GURBIN RUMBU DA GARKA

Tsohon birnin Hausa bai rabu da shuka ba. Baturen nan Kyaftin Clapperton, wanda ya shiga Kano a 1824, ya ruwaito cewa gidaje ba su cinye fiye da rubu'in filin da ke cikin ganuwa ba, sauran duk gonaki ne da lambuna. Hikimar haka a fili take: in abokan gaba suka yi wa gari ƙawanya, aka rufe ƙofofi, akwai inda za a noma abin sa wa baka. Ashe ke nan magabata sun gina birni da tunanin ranar da za a kulle shi. Har ila yau, akwai tsohuwar cuɗanya tsakanin birni da karkara, wadda Michael Mortimore ya nazarta a kewayen Kano: jakai su fita da takin juji zuwa gonaki, su komo da itace da hatsi.

Abubuwa uku suka taru suka canza wannan hali a cikin ƙarni na 20. Na farko, yawan jama'a. Gine-gine suka cinye filayen cikin ganuwa, suka tsallaka waje, gidan gado aka yi ta rarraba shi, tsakar gida ta tsuke, abin da ya rage kuma aka shafe shi da siminti. Wanda ke zaune a ɗaki ɗaya ko biyu a gidan haya ba shi da bayan ɗakin da zai kira nasa. Na biyu, noman rani na zamani. Bayan gina madatsar ruwa ta Tiga a shekarun 1970, filayen Kadawa da Kura suka riƙa fid da ɗanyen tumatir da tattasai da albasa masu ɗimbin yawa, kayan gwari suka wadata a kasuwa da rani, jar miya ta sami gindin zama, kuka da karkashi suka soma zama abincin da ake ganin na ƙauye ne. Na uku, aikin albashi da kasuwanci, waɗanda suka sa magidanci ya daina ajiye hatsin shekara, ya koma awo na mako ko na kullum.

A nan ne kalmar cefane ta sami muhimmancin da take da shi a yau. Cefane shi ne sayen kayan miya na yini: da safe maigida ya ba da kuɗi, a aiki yaro, a sayo tumatir da attaruhu da albasa da ɗan nama ko kifi gwargwadon hali. Ga mai ƙaramin ƙarfi, kuɗin cefanen gobe yana cikin abin da ya samo yau. Watau kasuwa ta zama ita ce rumbunsa, ita ce garkarsa. Gwamnati ta taɓa yunƙurin juya wannan hali a 1976, lokacin da mulkin Janar Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, aka yi kira ga makarantu da ma'aikata su noma duk filin da ke kusa da su. Shirin bai yi nisan kwana ba, gama kuɗin man fetur ya sa shigo da abinci daga waje ya fi sauƙi.

4.0 KULLE

Ranar 30 ga Maris, 2020, Gwamnatin Tarayya ta hana fita a Legas da Ogun da Abuja. A Kano, gwamnatin jiha ta sa tata dokar daga daren 16 ga Afrilu, sa'an nan ranar 27 ga watan Shugaba Muhammadu Buhari ya ba da sanarwar rufe jihar baki ɗaya na mako biyu, aka kuma yi ta ƙarawa. A farkon Mayu aka sassauta, aka ware Litinin da Alhamis, daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma, domin mutane su fita su yi sayayya, aka bar kasuwannin kayan gwari da na marmari irin su 'Yankaba da 'Yan Lemo su ci. Daga baya aka ƙara kwanakin fita. Ba a ɗage dokar ɗungum ba sai a farkon Yuli, watau bayan kimanin mako 11. Azumin wannan shekara ya kama ranar 24 ga Afrilu, saboda haka gaba ɗayansa a cikin dokar aka yi shi.

Abin lura ga mai nazarin harshe shi ne kalmar da jama'a suka zaɓa. Kulle tsohuwar kalma ce da aka sani a auren kulle, inda mace ke zaune a gida ba ta fita sai da lalura. Da wannan doka ta zo, sai aka faɗaɗa ma'anar ta haɗa da maza, aka ce dokar kulle. Haka takunkumi, wanda asalinsa abin ɗaure bakin dabba ne don kada ta yi ɓarna a gona, ya zama sunan ƙyallen rufe baki da hanci. Tallafi kuma ya zama sunan kayan abincin da hukuma ke rabawa.

Wannan aro na kalmar kulle ya ɓoye wani bambanci babba. Macen da ke cikin kulle tana zaune lafiya ne saboda wasu suna fita dominta: miji ya tafi nema, yaro ya je cefane, yarinya ta ɗauki talla, almajiri ya ɗebo ruwa. Kullen korona ya tsayar da waɗannan duka a lokaci guda.

Ya kamata kuma a bambance wannan matsi da irin wanda ƙasar Hausa ta saba da shi. A yunwar 1914 da ta 1927, da farin 1973, abincin ne ya yi ƙaranci a ƙasa. A 2020 kuwa abinci yana nan, hanyar da ke tsakaninsa da tukunya ce ta toshe. Ko da yake doka ta keɓe motocin abinci daga hanin zirga-zirga tsakanin jihohi, shingayen hanya sun jawo jinkiri da ƙarin kuɗin mota, kayan gwari kuwa ba su jure jira. Sai ya zamana manomi yana kukan kayansa na ruɓewa, magidanci a birni yana kukan tsada. Dama kuma iyakokin ƙasa na tudu a rufe suke tun Agustan 2019, ba a buɗe su ba sai Disambar 2020. Bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, hauhawar farashin abinci ta tashi daga kimanin kashi 15 cikin ɗari a Afrilun 2020 zuwa kusan kashi 23 a Maris na 2021.

5.0 SAUYIN CIMA

Sauye-sauyen da aka gani a gidaje ana iya kasa su kamar haka.

(a) Komawa ga busassun kayan miya. Wanda zai fita sau biyu kaɗai a mako, ga zafin bazara, ga rashin tsayayyar wutar lantarki, ba zai dogara da ɗanyen tumatir ba. Kuka, da busasshiyar kuɓewa, da karkashi, da kauɗar tumatir, da busasshen tattasai, da daddawa, su ne ke yin watanni ba su lalace ba. Fasahar shanya da daka, wadda aka ƙirƙira domin tsallake rani, ita ta yi rana a kwanakin kulle. Tsohuwar zuma, in ji Hausawa, da ita ake magani.

(b) Rage nama da rage yawan ɗora tukunya. Inda aka saba girki sau uku aka koma biyu, wake da ƙuli-ƙuli suka tsaya a madadin nama. Abinci irin su ɗanwake, da garau-garau, da fate, da dambu, da kwaɗon rama ko na zogale, waɗanda ba su bukatar cefane mai yawa, suka ƙara samun karɓuwa.

(c) Tsayawar abincin waje. Mai shayi, da mai tsire, da mai ƙosai a bakin titi, da 'yar tuwo-tuwo, su ke ciyar da gwauraye da leburori da 'yan ci-rani. Su kuma matan aure masu sana'ar cikin gida, da talla suke fid da abin da suka dafa. Da talla ta tsaya, mace ta rasa kuɗin da take cike giɓin cefane da shi, mai saye kuma ya rasa inda zai ci.

(d) Raunin ciyayya. Al'ada ce maƙwabta su aika wa juna kwanon abinci, balle a watan azumi. Tsoron cuta da ƙarancin abin hannu sun taɓa wannan al'ada. An taƙaita tarukan biki da suna da walima, inda mabukata kan sami rabonsu. Daɗin daɗawa, a watannin Afrilu da Mayu gwamnonin Arewa suka yi ta mayar da almajirai jihohinsu na asali, sai gidaje da dama suka wayi gari babu mai karɓar ragowar tuwo, babu kuma ɗan aike.

(e) Kayan yaji a matsayin rigakafi. Citta, da tafarnuwa, da kanumfari, da masoro, da lemun tsami, da zuma, da habbatussauda suka shiga shayi da kunu fiye da da. Da shugaban ƙasar Madagaska, Andry Rajoelina, ya fito da wani tsimi a watan Afrilu ya ce maganin cutar ne, sai sunan tazargade ya cika gari, domin ana danganta shi da tsiron da aka yi tsimin da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a lokacin cewa ba a tabbatar da amfaninsa ta hanyar gwaji ba. Abin da ya shafe mu a nan shi ne yadda Bahaushe bai sa katanga tsakanin abinci da magani ba: yajin da ake daka wa mai jego shi ne aka juya wa annoba.

6.0 KOMAWA GA SHUKAR GIDA

A cikin wannan hali ne mutane suka soma duban tsakar gidansu da wani ido. Maza suna zaune, makarantu a rufe tun ƙarshen Maris, yara ba abin yi. Inda akwai ƙasa aka kafce ta. Inda siminti ya rufe, aka nemo buhun siminti ko na shinkafa, da fasasshen bokiti, da tsohuwar taya, da kaskon da ya tsage, aka cika da ƙasa haɗe da kashin awaki ko na kaji, aka huda ƙasan don ruwa ya tsiyaye. Wannan shi ake kira noman buhu. Wayar hannu ta taimaka wajen yaɗa dabarar, amma ainihin sanin yana wurin tsofaffin mata da waɗanda suka tashi a ƙauye, su ne suka san zurfin da ake binne iri da lokacin dashe.

Zaɓin abin shukawa ya bi saurin amfaninsa. Alayyafo ana fara tsinkarsa bayan mako uku zuwa huɗu. Rama da yakuwa da lalo suna biye da shi, kuma ana tsinka suna sake tofo. Kuɓewa takan fara 'ya'ya wajen wata biyu. Tumatir da barkono suna bukatar reno da dashe, sai an yi kamar wata uku. Zogale ana iya dasa reshensa ya kama, in kuma ya kafu yakan jure fari, ya yi shekaru yana ba da ganye.

Sai dai akwai cikas huɗu waɗanda suka iyakance abin. Na farko lokaci. Dokar ta faɗo a tsakiyar bazara, sa'ad da zafi ya kai matuƙa, rijiyoyi suka ja baya. Wanda ya shuka kuɓewa ranar da aka rufe gari, azumi ya wuce bai ɗanɗana ta ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Shukar da ta yi albarka sosai ita ce wadda ta riski damina a watan Yuni, lokacin da dama tumatir kan yi tsada kowace shekara. Na biyu ruwa. A unguwannin da famfo ba ya zuwa, jarka-jarka ake saye a wurin 'yan garuwa, ba kuwa mai sayen ruwa ya zuba wa alayyafo alhali ga na sha da na alwala. Dabarar mata ita ce tara ruwan wankin shinkafa da na wanke ganye da na alwala, a kauce wa mai sabulu da yawa. Na uku fili da mallaka: ɗan haya ba shi da ikon fasa daɓen mai gida, gidan da ke da iyali biyar kuma tsakar gidansa ta kowa ce. Na huɗu dabbobi. Akuya da kaza su ne asusun matar Bahaushe, su ne kuma abokan gabar shuka. Wannan ne ya sa ma'anar garka ta ƙunshi danga tun asali.

Sakamakon haka shi ne, waɗanda suka fi cin moriyar shukar gida su ne masu gidan kansu da rijiya ko burtsatse, da ma'aikatan da ke zaune a gidajen makarantu da na gwamnati masu fili, da mazauna bakin gari. Talakan da kulle ya fi gasawa, mai ɗaki ɗaya a tsakiyar birni, shi ne ya fi kowa rashin inda zai shuka.

Ko ga wanda ya sami fili, akwai iyaka. A ƙaddara gida mai mutum goma yana cin tiya ɗaya ta hatsi a yini. A shekara tiya 365 ke nan, watau kimanin buhu 9 in an lissafa tiya 40 a buhu. Wannan amfanin gona ne mai faɗin kusan hekta guda a irin noman gargajiya. Babu tsakar gidan da za ta fid da shi. Amma buhu goma na alayyafo da rama da kuɓewa, da bishiyar zogale ɗaya, suna iya ɗauke wa wannan gida rabon ganyen miya na kwanaki da dama a mako. Kuɗin da aka tsimin nan sai ya tafi ga awo. Amfanin garka ke nan a tattalin gida: tana rage nauyin cefane, tana kuma tsare lafiya, gama ganye shi ne ke kawo sinadaran da tsabar hatsi ba ta da su, kuma shi ake fara yankewa idan kuɗi ya yi ƙaranci. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, amma guntun gatari ba ya sare kurmi.

7.0 KWATANCI DA WASU WURARE

Ba wannan ne karo na farko da annoba ta taɓa cimar mutanen Nijeriya ba. Murar nan ta 1918, wadda tsofaffi ke kira marisuwa, ta shigo ta Legas a watan Satumba, ta bi hanyar jirgin ƙasa da ta kogi, ta hallaka mutanen da aka ƙiyasta sun kai rabin miliyan. Masanin tarihi Don Ohadike ya nuna a 1981 cewa a ƙasashen Ibo na kudancin Kwara, mutuwar majiya ƙarfi ta sa noman doya, mai bukatar aiki tuƙuru, ya gagara, sai jama'a suka rungumi rogo wanda ba ya son wahala. Wannan sauyi ya zauna har yau. Dalilin zamansa shi ne ya taɓa tushen abincin, ba mahaɗinsa kaɗai ba, kuma rashin ma'aikatan da ya jawo shi ya daɗe. Korona ba ta yi wa gandun Bahaushe irin wannan ɓarna ba. An yi noman damina a 2020, gero da dawa da masara da shinkafa suna nan a matsayinsu.

A Ingila da Amurka ma an ga irin wannan komawa ga shuka a 2020, har kamfanonin sayar da iri suka kasa biyan bukatar masu saye, aka riƙa tunawa da lambunan da gwamnatocinsu suka sa a yi a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Bambancin shi ne, a can da yawa sun yi shukar ne don ɗebe kewar zaman gida, a nan kuwa lissafin kuɗin cefane ne ya fi rinjaye.

8.0 SUNAYEN TSIRRAI

Akwai wata riba ta wannan al'amari wadda ba ta shiga tukunya. Yaron da aka haifa a birni, wanda ya san alayyafo a ɗaure kaɗai, ya ga yadda yake tsirowa, ya koyi kalmomi irin su yafi, da dashe, da tofo, da huda, waɗanda a da sai dai ya gamu da su a littafin makaranta.

Sunayen kayan garka taska ce ga mai nazarin kare-karen harshe. Abin da Bakano ke kira kuɓewa, Basakkwace guro yake cewa, yakuwa sure, karkashi yauɗo, barkono tonka. Kabewa kabushi ce a wasu wurare. Zogale yana amsa sunan zogala da zogalagandi, har da tamaka a sassan Nijar. Haka kuma sunayen suna ba da tarihin cuɗanya da baƙi. Albasa da na'ana'a daga Larabci suke; attaruhu da tattasai daga Yarabanci; tumatir da karas da kabeji da latas daga Ingilishi. Tumatir da barkono da gwanda asalinsu nahiyar Amurka ne, zogale kuma daga Indiya, alhali kuɓewa da yakuwa da rama 'yan Afirka ne. Wannan ya nuna cewa miyar Bahaushe ta daɗe tana karɓar baƙi, kuma a garka ake fara gwada baƙon iri kafin ya isa gona.

Ƙamusun Bargery na 1934 ya tattara da yawa daga cikin waɗannan sunaye. Amma ganyayen da ake tsinka a jeji da kangaye, irin su tafasa da gasaya, sunayensu da hanyoyin sarrafa su suna bakin tsofaffin mata ne, kuma suna tafiya tare da su.

9.0 KAMMALAWA

An nuna a wannan maƙala cewa Hausawa sun raba filin tuwo da filin miya tun da daɗewa. Cewa zaman birni ya sa kasuwa ta maye gurbin duka biyun. Cewa kullen 2020 ya toshe hanyar kasuwa, ya tilasta komawa ga busassun kayan miya da shukar gida. Da kuma cewa ruwa da fili da lokaci su suka tantance wanda ya amfana.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matsayin gaggawa na cutar ranar 5 ga Mayu, 2023. Wasu buhunan shuka sun bushe tun ranar da aka buɗe kasuwa. Amma tsadar abinci ba ta tafi tare da annobar ba, har hauhawar farashinsa ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024, saboda haka noman buhu ya sami sabon dalilin zama.

Aiki biyu ke gaban masana. Na ɗaya, ɗaliban harshe su tattara sunayen kayan garka da kalmomin sarrafa su, gari-gari, daga bakin matan da suka san su, tun suna raye. Na biyu, masu nazarin al'ada su ja hankalin masu tsara gidaje da unguwanni ga abin da maginan ganuwar Kano suka sani, watau a bar wa gida ɗan filin da ba a shafe da siminti ba, da hanyar samun ruwan da za a zuba masa.